Kalmar da tsegumi ya yi wa takardar haihuwa

Idan mamaki ya kama Bature har ya tsaya sororo, ya rasa bakin magana, sai a ce ya zama "flabbergasted". A 1772 kalmar ta fara bayyana a rubuce, cikin wata maƙala da aka sake bugawa a kundin shekara-shekara na Annual Register, inda wani marubuci ya lissafa ta cikin sababbin kalmomin yayi da suka ishe shi. Ashe maƙiyinta ne ya adana mana ita. Wani zai ce ai asalinta a fili yake: "aghast", wato firgita, aka manna wa "flabby", abu mai laushi tuɓus. To, wannan hasashe ne kawai. Wasu masana sun ce "flap", wato bugu ko kaɗawa, ne a gabanta, wasu kuma sun jingina ta ga karin harshen karkara, inda ba a cika barin shaida a takarda ba, balle a kai ƙara.