Bokan da Muke Raino a Ƙofar Shago

Mu a layinmu, in an idar da sallar isha'i ba kowa ke wucewa gida ba. Akwai benci biyu a ƙofar shagon mai cajin waya, da wata tabarma da ta ga jiya ta ga yau, nan muke yada zango. A da ƙwallo ce kawai a wayoyinmu, kowa da kulob ɗinsa, ana ci ana ihu. Sai wani yayanmu mai gyaran waya a Farm Centre ya zo mana da wani tsohon wasa, Final Fantasy Tactics, ya ce mu gwada ko na mako guda ne. Yau an fi shekara, kuma in ka ji gardama ta kaure a ƙofar shagon nan, galibi a kan boka ake yin ta.

Wasan ya girmi da yawa daga cikinmu. Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 1997 a kan PlayStation ta farko, Yasumi Matsuno ne ya jagoranci aikin, sannan a 2007 aka sake masa kwalliya don PSP da sunan The War of the Lions. Shi muke bugawa a waya ta manhajar PPSSPP. Fili ne aka yanka gida-gida, da tudu da kwari da rufin soro. Kai kana da mutum huɗu ko biyar, abokan gaba na da nasu, kowa na jiran lokacinsa ya taka. Ranar da mahaifin mai shagon ya ji muna ta ambaton boka da tsafi, ya fito da ɗaurarriyar fuska. Muka miƙa masa waya ya duba, ya ga gidaje da lambobi, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Af, ashe dara ce ta 'yan zamani." Tun daga ranar yakan tsaya a bayanmu ya kalli yaƙi ɗaya kafin ya shiga.

Wanda wasan ya kira Black Mage, mu Baƙin Boka muke ce masa. Malafa ce mai tsini a kansa, fuskarsa a duhu, babban aikinsa: ya sauke wuta ko ƙanƙara ko aradu a kan mutane daga nesa. Ba ya warkarwa, ba ya tare kowa, jininsa kaɗan ne, barde ɗaya in ya cim masa ya gama da shi. Duk da haka kowa a majalisar nan yana da nasa, kuma kowa na ji da shi kamar ingarman sallah.

Rainon yana farawa ne tun daga wurin ɗaukar soja. Mu mace muke ɗauka, domin a wasan nan mata sun fi maza ƙarfin tsafi, maza kuma sun fi su ƙarfin damtse da yawan jini. Sannan ba ta farko da aka nuna maka za ka ɗauka ba. Akwai wata lamba da wasan ke kira Faith, mu "yarda" muke ce mata, don ba ma son jawo babbar kalma cikin abin wasa. Sai ka yi ta fita kana komawa har a kawo maka mai yarda kusan 70. Wani ƙanena ya taɓa shafe rabin dare a kan wannan kaɗai, kuma ban ga laifinsa ba. Daga nan sai ka sa ta aikin mai magani, ta yi ta jefa wa 'yan'uwa kwalba har ta kai mataki na 2 a wannan sana'a, malafar boka ta buɗe mata.

Abin da ya sa muke wahala a kan yardar nan, lissafi ne a fili. Wasan yana ɗaukar ƙarfin tsafin bokanyarka ya ninka da ƙarfin abin da ta jefa, sannan ya rage gwargwadon yardarta, ya sake ragewa gwargwadon yardar wanda aka jefa. Ƙaramar wuta ƙarfinta 14 ne. In ƙarfin bokanya 10 ne, ka ga 140 ke nan. In yardarta 70 ce, ta abokin gaba ma 70, abin da zai sauka a kansa 68 ne. In kuwa ka yi gaggawa ka ɗauki mai yarda 40, wutar nan dai ba za ta wuce 39 ba. Sanda ɗaya, riga ɗaya, man tsafi ɗaya aka ƙona, amma ɗaya ta kusa ninka ɗaya.

Sai dai wuƙar bakinta biyu. Mai yawan yarda ita ma tsafin abokan gaba ya fi cin ta. Kuma in ka yi ta ɗaga mata ita da bakin soja mai sana'ar lallashi, wanda duk maki 4 da ya ƙara mata a fagen yaƙi 1 ne ke zama na dindindin, ranar da ta kai 95 za ta yi maka sallama ta bar rundunar baki ɗaya. Telan da ke kusurwar layinmu haka ta faru da shi, bayan watanni yana raino. Ya zo ya zauna ya kasa shan shayinsa. Babu wanda ya yi masa dariya, don kowa ya san abin da ya zuba.

Inda muka fi yin kuskure, kusan dukkanmu mun yi shi, shi ne wajen kashe makin sayen tsafi. Sabon shiga da ya buɗe jerin tsafe-tsafe, idonsa can ƙasa yake sauka, kan Flare, babbar wutar da ke cin mai 60 a jefa ɗaya. Sai ya ƙi sayen komai, ya yi ta tari. Yayanmu mai gyaran waya yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, sayi ƙananan ukun nan tukuna, wuta da ƙanƙara da aradu. Su za su ciyar da kai." Gaskiyarsa kuwa. Tsafi a wasan nan ba ya fita nan take. Bokanya za ta tsaya tana haɗa shi, agogon yaƙi na tafiya, kuma gwargwadon girman abin gwargwadon daɗewarsa. A tsayuwar nan ba ta iya kauce wa sara, kuma duk saran da ya same ta sai ya ƙaru da rabi. Ƙaramar wuta mai 6 kawai take ci, tana fita da wuri, tana kama gida biyar a jere kamar alamar tarawa. Flare mutum ɗaya take kamawa, in ma an bar ta ta fita.

Shi ya sa mu ba ma jefa komai sai mun leƙa jerin waɗanda za su taka. Wa zai motsa kafin wutar ta sauka? Wasan yana tambayarka: gida za ka ɗora wa, ko mutum? In gida ka zaɓa, mutumin na iya ɗagawa wutar ta faɗi a ƙasa wayam. In mutum ka zaɓa, za ta bi shi duk inda ya je, shi kuma sau da yawa sai ya taho ya manne wa bardenka, wutar ta haɗa su ta ƙone, don tsafin Baƙin Boka bai san nasa ba. A nan ne za ka ga mutum biyar sun sunkuya a kan waya ɗaya, wannan na cewa "gida, gida!", wancan na cewa "Yaya, bi shi, ba inda za shi, bango ne a bayansa." Ni wannan daƙiƙar na fi so a duk wasan, har ma da jan jikin nan da sigar PSP ke yi duk lokacin da tsafi zai fita, hoton ya yi nauyi kowa ya riƙe numfashi.

Makarantar kowa ita ce yaƙin unguwar talakawa ta Dorter, can farkon labarin wasan. Maharbi a ƙololuwar soro, bokaye biyu a ɓangaren abokan gaba, barde a gabansu. Duk wanda ya tura bokanyarsa gaba a nan aka kayar da ita, ya ga lamba 3 ta bayyana a kanta tana raguwa, in ba a tashe ta ba ta zama ƙarau ko akwati, ta tafi har abada. Bayan Dorter ba a sake gaya wa mutum cewa bokanya a bayan barde take tsayawa, da mai magani kusa da ita.

Gardamar da ba ta mutuwa kuwa a kan gurbi ɗaya ce. Kowane soja baiwar tallafi ɗaya tak yake iya ɗaurawa. Akwai ta Baƙin Boka, mai ƙara ƙarfin tsafi da kashi ɗaya cikin uku. Akwai ta Bokan Lokaci, mai raba lokacin haɗawa biyu. Mai shago na ɓangaren ƙarfi. "Malam, in zan buga, in buga sau ɗaya a ɗauke gawa," in ji shi. Tela na ɓangaren sauri, yana cewa dukan da bai sauka ba ai ba duka ba ne. Ni ra'ayina, muddin ƙananan tsafi kake jefawa, ɗauki ƙarfi, don dama ba sa daɗewa. Ranar da ka koma manya, to tela ya fi ka gaskiya. Na faɗi haka ya fi sau goma, kowannensu na ganin na goyi bayan ɗan'uwansa.

Kayan sawa ba ma jayayya a kansu. Sandar wuta ko ta ƙanƙara ko ta aradu tana ƙara wa irin nata kashi ɗaya cikin huɗu, baƙar alkyabba kuma ta haɗa ukun. Sauran sanin abokin gaba ne: goblin ƙanƙara ce ajalinsa, ƙwarangwal wuta, dodon nan mai kama da tulun wuta kuwa in ka jefa masa wuta ƙara masa jini ka yi. In hadari ya haɗo ana ruwa da tsawa a filin, aradu na ƙara ƙarfi wuta na raguwa.

Akwai wani ɗalibi a cikinmu, lissafi yake karanta a jami'a, shi ya bi doguwar hanya. Ya kai bokanyarsa mataki na 5 a farin tsafi, na 5 a baƙi, na 4 a na lokaci, na 4 a na duba, sana'ar Malamin Lissafi ta buɗe. Wannan ba ya ƙona mai, ba ya tsayawa haɗawa. Cewa kawai zai yi, duk wanda tsayin inda yake tsaye ko matakinsa ke rabuwa da 3, ko 4, ko 5, abu kaza ya sauka a kansa, ko'ina yake a filin, har da naka in lambar ta hau kansu. Shi kansa Malamin Lissafin nauyin jiki gare shi, ƙarfinsa ba yawa, don haka ɗalibin ya koyi fasahar ya mayar da yarinyar cikin malafar Baƙin Boka. Tun daga nan yaƙinsa ba ya daɗewa. Wasu na cewa ya kashe daɗin wasan. Ni na ga takardar da yake rubuta lambobin kowa a kai kafin ya danna, ban ga ta inda za a ce bai sha wuya ba.

Daren jiya ƙaramin cikinmu, ɗan aji uku na sakandare, ya sake komawa Dorter karo na huɗu da wayar yayansa. Bokayen can biyu sun matso sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya buɗe jerin masu takawa, ya ƙirga da yatsa, ya ɗago ya dubi tela.

"Kawu, aradu za ta riga su?"

"Ƙirga kuma."

Ya sake ƙirgawa, ya ɗora a kan gida. Aka ɗauke wuta a layin daidai lokacin, sai hasken wayar kaɗai a fuskokinmu, hoton ya ja jiki, aradun ta sauka a kan su biyun. Daga bayanmu muka ji muryar mahaifin mai shagon yana cewa, "Yauwa. Saura na kan soron."