Wasiƙa Zuwa ga Jirgin Ƙasan Cikin Garin Abuja

Ranka ya daɗe,

Ya gajiyar buki? Na tambaya ne don a iya sanina kai kaɗai ne jaririn da aka yi wa taron suna sau biyu. An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilarka a 2007, a ƙarshen mulkin Obasanjo. Sai a Yulin 2018 Buhari ya ƙaddamar da kai. Korona na zuwa a 2020 ka kwanta, ba ka farka ba sai 29 ga Mayun 2024, ranar da Tinubu ya cika shekara guda a mulki, aka sake kafa rumfuna. Allah ya ƙara lafiya.

Abin da ke damuna shi ne, wa ya nuna maka hanya? Kana tashi daga tsakiyar birni, ka ratsa Kukwaba da Wupa, ka huta a Idu, ka miƙe filin jirgin sama. Ɗaya reshen kuma ya bi ta Deidei zuwa Gbazango. Madalla. Amma masinjoji da masu gadi da ƙananan ma'aikatan da ke buɗe ofisoshin garin nan, da yawansu ta Nyanya suke shigowa, tun asuba suna cikin cunkoso ana danna oda. Layin da aka zana zuwa wajensu har yau yana kan takarda. Wasu tashoshinka ma an gina su babu titin zuwa, sai da Ministan Abuja Wike ya zo aka shimfiɗa kwalta.

Na san ba laifinka ba ne. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ke naɗa minista, injiniyoyin hukumar raya birnin, wato FCDA, su zana, kasafin kuɗin kuma ya bi ta Majalisar Tarayya, inda sanatanmu ɗaya ne tal cikin 109. To wa ministan zai ji tsoro ranar zaɓe? Mutanen Mararraba da ke shigowa ta Nyanya kuwa, ƙuri'arsu ma ta Nasarawa ce.

Sai dai rancen dala miliyan 500 da aka karɓo daga bankin Exim na Sin don a gina ka, wannan kam an tuna da mu. Da mai hawanka da wanda bai taɓa jin ƙararka ba, duk tare za mu biya.

Don Allah in minista ya sake hawanka da 'yan jarida, ka raɗa masa cewa akwai mutane a gabas da dutsen Aso. Rumfuna da kujerun taro na uku, mu za mu ɗauki nauyi.

Naka,
Wani mai jiran mota a gadar Nyanya