Yadda Za Ka Hana Alhamis Shiga Gaban Lahadi

A ce yayarka mai tuyar masa ta sa ka rubuta mata 'yar manhajar da za ta riƙa nuna mata cinikin mako. Ka zauna da PHP, ka zuba ranakun a jeri mai makulli, wato jerin da kowane kaya a cikinsa ke da sunan da ake kiran sa da shi: ga Lahadi ga kuɗinta, ga Litinin ga kuɗinta, har Asabar. Ranakun sun shigo a hargitse, sai ka kira ksort ya gyara musu sahu. Da ka duba allo, ga Alhamis ta yi ɗare-ɗare a gaba, Asabar na biye da ita, Juma'a ta uku, Talata kuwa can ƙurya kamar wadda ta zo biki an gama rabon tuwo. Kada ka zagi kwamfuta. Baƙaƙe kawai ta sani, A kafin J, J kafin L. Ba ta taɓa cin kasuwar Laraba ba.

Maganin abin shi ne uksort. Shi ba ya yanke hukunci da kansa, kai za ka naɗa masa alƙali, wato ɗan fankshin da za ka rubuta da hannunka. Makullai biyu kacal ake gurfanarwa a lokaci guda, alƙali ya dube su ya faɗi lamba. In ta gaza sifili, na farko ya wuce gaba. In ta haura, ya koma baya. In sifili ce cif, an yi kunnen doki. Sai ka ba kowace rana matsayinta, Lahadi 0 har Asabar 6, a wani jeri mai suna $matsayi, sannan ka rubuta:

uksort($ciniki, fn($a, $b) => $matsayi[$a] <=> $matsayi[$b]);

Wannan alamar <=> ta zo ne da PHP 7 a 2015, kuma ba ta da amsa sai -1 ko 0 ko 1. Ka riƙe ta da kyau, ta fi ɗebe wannan daga wancan aminci. Mai ɗebewa in ya samu 0.5, PHP zai datse masa ita ta koma sifili, a sallami masu shari'a a ce ba wanda ya fi wani.

Kada kuma ka naɗa alƙalin da bai iya komai ba sai "e" da "a'a". Shari'ar amsa uku gare ta, kuma tun PHP 8.0 na 2020 ake yi wa mai amsa biyu gargaɗi. Wannan fitowar ce kuma ta kawo adalci ga 'yan kunnen doki: in strcasecmp, alƙalin da ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, ya ce "Kano" da "kano" ɗaya suke, wanda ya riga zuwa shi zai zauna a gaba. A da can, sai yadda hali ya yi.

Ga wani rami da ya ci mutane da yawa. uksort a cikin jerin yake aikinsa, abin da yake miƙo maka a hannu true ne kawai. Duk wanda ya rubuta $ciniki = uksort(...) ya musanya cinikin mako guda da kalma ɗaya, sai ya je ya yi wa Yaya bayani da bakinsa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. A tsarin Unicode, ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu sun yi wa na z nisa ƙwarai, don haka ksort ke kora su bayan zomo da zuma, kamar ba 'yan gida ba. Ɗalibi ya buɗe ƙamus a waya yana neman "ɗaki" kusa da "daki", ya rasa, ya ɗauka babu kalmar. Daga nan wasu ke fara yar da ƙugiyar don jeri ya yi kyau, a wayi gari ƙafa ta zama kafa. Ina roƙon ka, ɗan'uwa, kada ka yi haka, alhali gyaran layi biyu ne. In an kunna maka ƙarin PHP mai suna intl, akwai alƙalin da ya san Hausa:

$hausa = new Collator('ha');
uksort($kamus, [$hausa, 'compare']);

Shi zai zaunar da ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, kowa a gefen ɗan'uwansa. Ka gwada shi da makullai uku: kaza, zomo, ƙwai. In zomo ya shiga tsakani, da sauran aiki. In ka ga kaza, ga ƙwai a bayanta, zomo na can ƙarshe, to ka rufe kwamfuta ka je ka karɓi ladanka na masa tun da zafinta.