Bazazzage da Ƙarfen Sabis

Malam Bazazzage, gaisuwa daga ubangidanka na Kano. Labari ya iso mana cewa ka tayar da unguwa, wai ƙarfen sabis ɗin da aka kafa a bayan gidanku zai dafa muku ƙwaƙwalwa. Abin da ya ba ni dariya, an ce da waya manne a kunne ka yi ta gayyatar mutane taro, kana zuba dogon Turancin nan naku har batir ya mutu.

To zauna in karantar da kai, ko da yake ku ne masu jami'a. Turirin rediyon da ke shiga kanka daga wayar da ke jikin kunnenka ya fi wanda ke isowa daga ƙarfen can nesa ba kusa ba. Kuma idan sabis ya yi ƙasa, waya ƙara ƙarfi take yi don ta kamo ƙarfen, kamar mai kiran kurma. Ka ga ke nan ranar da kuka yi nasarar tumɓuke shi, wayoyinku za su fi yi muku ihu a ka.

Abin kuma yana da ma'auni, SAR ake ce masa, wato yawan ƙarfin da naman jiki ke zuƙa. Hukumar FCC ta Amurka ta kafa iyaka tun 1996: wat 1.6 a kowane kilo. Turai ta ce wat 2 ga kai da gangar jiki, 4 ga hannu da ƙafa, sai dai yadda suke awon ya bambanta. Kafin waya ta fita kasuwa, wani kan roba ake cikawa da ruwa mai kwaikwayon naman mutum, a manna masa ita a ƙure ƙarfinta. Kan nan shiru yake yi a gama awo, shi ya sa na tabbata ba a Zariya aka ƙera shi ba.

Kada ka ce dokar ta takarda ce. A Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda awonta ya kai 5.74 inda aka ce kada a wuce 4, sai da Apple ya gyara manhajar. Kai da wayarka ta hannu ce, wadda ba ka san asalinta ba, danna *#07#, wayoyi da yawa za su nuna maka lambarsu.

Na san za ka jawo mini 2011, lokacin da cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa turirin a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ne. Ba ta ce ya tabbata ba. A 2024 wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi bai ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Abin da aka tabbatar shi ne ɗan ɗumi, kuma iyakar tana can ƙasa da inda zai yi illa.

In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, sa sifika ko iyafis, tazarar taki ɗaya ma tana rage abin sosai. Ka shigo kasuwar Farm Centre in saya maka mai arha. Amma ka taho da kuɗin sharata na bara, don ban manta ba.