Farautar Tattabaru 200: Nazari a Kan Lambobin Yabon Wasannin Bidiyo

Lambar yabo a wasannin bidiyo wata ƙaramar alama ce da take bayyana a kusurwar talabijin tare da gajeren sauti, a duk lokacin da ɗan wasa ya cika wani sharaɗi da masu ƙirƙirar wasan suka gindaya, ko da kuwa sharaɗin bai shafi kammala wasan ba. Ba a sayen komai da ita a kasuwa, ba a jinginar da ita, ba ta kuma shiga rabon gado, amma duk da haka akwai baligai masu cikakken hankali da suke hana idanunsu barci saboda ita. Kamfanin Microsoft ne ya mayar da abin tsari a shekarar 2005 sa'ad da ya fitar da na'urar Xbox 360, inda aka ware wa kowane cikakken wasa maki 1000, ana tara makin kowane mutum a jimla ɗaya da ake kira Gamerscore domin abokansa su gani. Dandalin Steam na masu wasa da kwamfuta ya bi sahu a 2007, sannan a 2008 kamfanin Sony ya kawo nasa a na'urar PlayStation 3 da siffar kofuna masu daraja huɗu, wato tagulla, azurfa, zinariya da filatinam, wanda ba a samunsa sai an haɗa dukkan sauran kofunan wasan.

Al'adar ta girmi waɗannan na'urori, domin tun a 1982 kamfanin Activision yakan aika wa duk wanda ya ci maki 20,000 a wasan Pitfall! wani ɗan ƙyalle mai tambari ta gidan waya, muddin ya ɗauki hoton talabijin ɗinsa ya aika a matsayin shaida. Mutanen wancan zamanin sun fi na yanzu riba, tunda ko ba komai ƙyallen zai iya toshe hujin wando.

Ana iya kasa lambobin yabo gida uku. Akwai waɗanda suke zuwa da kansu yayin da mutum yake bin labarin wasan, akwai waɗanda suke neman gwaninta ta gaskiya, sannan akwai kashi na uku wanda ba ya neman komai sai haƙuri da rashin aikin yi, kuma a nan ne masu ƙirƙirar wasanni suke nuna muguntarsu. Wasan Gears of War na 2006 ya nemi a kashe abokan karawa 10,000 a intanet kafin a ba da lamba ɗaya. Wasan My Name is Mayo ba shi da wani aiki face a riƙa ƙwanƙwasa kwalbar mayonis har sau 10,000. Kamfanin Nintendo, wanda bai kafa irin wannan tsari a na'urorinsa ba, ya ɓoye ƙwayoyin iri 900 a wasan Zelda na 2017, kuma tukuicin wanda ya tattaro su duka shi ne wani curi na zinariya mai siffar kashi. Shi kuwa wasan The Stanley Parable na 2013 sai ya yi wa masu farautar ba'a ƙarara, inda ya tanadi lamba ga wanda ya yi shekara biyar bai buɗe wasan ba. Duk wannan bai hana wani Ba'amurke mai suna Ray Cox haɗa maki miliyan ɗaya na Gamerscore a watan Maris na 2014 ba, bayan ya shafe fiye da shekara takwas yana tarawa.

Tun da ba a gane cuta sosai sai an duba majiyyaci, ya dace a kawo abin da ya faru da mai wannan nazari, wanda ya sayi tsohuwar PlayStation 3 ta hannu tare da faifan Grand Theft Auto IV, wasan da ya fito a 2008. A cikinsa ɗan wasa yana sarrafa wani baƙo mai suna Niko Bellic a Liberty City, birnin da aka zana bisa fasalin New York. Mai nazarin ya kammala labarin cikin jin daɗi, kuma da a nan ya tsaya da ya rabu da wasan cikin mutunci, sai dai ƙaddara ta kai shi ga shafin kofuna, inda ya tarar cewa an warwatsa tattabaru 200 a rufin gidaje, ƙarƙashin gadoji da tashoshin jirgin ƙasa, kuma akwai kofi guda da jirgin yaƙi mai saukar ungulu ga wanda ya harbe su duka. Irin wannan jirgin ana iya sace shi a wasu wurare na birnin ba tare da an taɓa tsuntsu ko ɗaya ba, amma wannan bayani bai sanyaya masa gwiwa ba.

Babbar matsalar farautar ita ce wasan yana faɗin adadin tattabarun da suka rage bayan kowane harbi, amma ba ya nuna waɗanne ne suka rage. Saboda haka mai nazarin ya je shagon kwamfuta ya biya aka buga masa taswirar birnin mai ɗige-ɗige 200, ya ƙudura cewa duk wadda ya harbe zai soke ɗigonta da jan biro. Matsala ta biyu kuwa ita ce ƙarar bindiga tana jawo ƴansandan wasan, ta yadda mutumin da ya gama da manyan ƴan daba na birnin ya koma gudun tsira a lunguna saboda tsuntsun da bai kai awon rabin kilo ba. Ta uku ta shafi abin da ake kira adanawa, wato mayar da Niko masaukinsa ya kwanta a gado domin na'urar ta riƙe abin da aka cim ma. A wani dare da farauta ta yi albarka, mai nazarin ya riƙa ɗage komawa masauki yana cewa bari a ƙara guda ɗaya, har aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo sai ya tarar tattabarun daren sun tashi daga matattu a cikin na'urar, alhali a takarda an riga an yi jana'izarsu da jan biro. Daga ranar ya shiga sayen fetur a galan yana tayar da janareto, kuma mutanen gidan suka ɗauka wani muhimmin aiki ne na ofis ya taso, har mahaifiyarsa tana hana yara hayaniya a ƙofar ɗakinsa.

Asirin ya tonu ne ta hannun baffansa, dattijon da ya daɗe yana kiwon tattabaru na gaskiya a bayan gida, wanda ya leƙo ɗakin domin ya tambayi dalilin da janareto yake kwana yana ruri. Bayan ya tsaya ya kalli yadda ake hawa tsani ana sauka, ana leƙa bayan tankin ruwa, aka harbi tsuntsu gashinsa ya watse, sai ya tambaya cikin natsuwa: "Yanzu kai ɗana, waɗannan tattabaru da ka karkashe, ina naman?" Mai nazarin ya yi bayani gwargwadon iliminsa cewa babu nama, kofi ake samu. Baffa ya ce to a nuna masa kofin idan ya zo, ko ya samu na shan koko, kuma da aka shaida masa cewa kofin ma a cikin talabijin zai zauna, sai ya gyara hularsa ya ce: "To Allah ya kyauta. Dama ko da naman, ba wadda ka yanka, duk mushe ne."

Masana halayyar ɗan'adam suna da bayani a kan irin wannan hali. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, tare da abokin aikinsa Charles Ferster, sun wallafa littafi a 1957 a kan gwaje-gwajen da suka yi da tsuntsaye a cikin akwati, inda tsuntsu yake saran wani maɓalli domin ƙwayar hatsi ta faɗo, kuma sun nuna cewa idan ba a san saran da zai kawo hatsin ba, tsuntsun yakan dage da sara ba ƙaƙƙautawa. Tsuntsayen da suka yi amfani da su tattabaru ne, kuma duk wanda ya ga mai nazarin yana danna maɓalli da ƙarfe biyu na dare zai fahimci cewa akwai tattabara ta 201 a cikin ɗakin. Masana tattalin arziki kuma suna magana a kan tarkon asarar da ta riga ta wuce, wato mutum ya ci gaba da zuba dukiya a abu don kawai ya riga ya zuba mai yawa, kamar yadda aka yi ta misali da jirgin Concorde na Ingila da Faransa. Wanda ya harbe tattabaru 150 ba ya iya tsayawa, domin yana ganin tsayawar za ta mayar da kuɗin feturin baya asara, alhali asarar ta riga ta tabbata tun ranar da aka ƙona shi.

A ƙarshe adadin ya tsaya a kan guda ɗaya, a daidai lokacin da babu sauran ɗigon da ba a soke ba a taswira. Mai nazarin ya yanke shawarar sake bin ɗigo 200 ɗaya bayan ɗaya, sai dai da ya nemi taswirar aka shaida masa cewa ƙanwarsa ta hura gawayi da ita, ganin cewa takarda ce da aka gama ɓatawa da biro. Ya koma yawo a birnin ya ƙure sautin talabijin yana kasa kunne ko zai ji kukan tattabara, sai dai a gidan da ake kiwon tattabaru wannan dabara ba ta da amfani, domin sau da yawa kukan da ya bi har saman bene na bayan gida ne. Ana cikin haka wata rana ya fita sayen fetur ya bar na'urar a kunne, ɗan yayarsa mai ƙananan shekaru ya ɗauki abin sarrafawar yana harbe-harben banza a bakin wata gada. Da ya dawo yaron ya tarye shi a zaure yana cewa: "Kawu, wani abu ya yi ƙara a saman talabijin, amma ya ɓace." Ta haka kofin ya shigo ba tare da mai nemansa ya ga alamar ko ya ji sautin ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne lambar yabo tana da amfani idan ta kai ɗan wasa wani sashe na wasan da zai ji daɗinsa da bai sani ba, ko ta sa ya ƙware a abin da dama yake so, domin a nan ladan yana cikin aikin. Idan kuwa mutum ya lura cewa ba zai taɓa yin aikin ba in da babu alamar, kuma ya fara buga taswira yana lissafin galan, to wasa ya ƙare, ya ɗauki aikin da shi ne yake biyan albashin. Mai irin wannan hali ya kashe na'urar ya je ya taya baffansa zuba wa tattabaru dawa, tunda waɗannan aƙalla suna ƙyanƙyasa.