Wai Wa Ke Sayen Office da Kuɗinsa?

Na san abin da za ku ce, masu shagunan buga takardu na Suleja: "Malam, wa ke sayen Office? Yaro zai zo da filasha, kafin shayi ya huce ya zuba maka." Gaskiyarka, Alhaji. Shi ya sa jan layin nan na rashin lasisi ya shekara a saman Word ɗinka, har kana ce wa kwastoma ado ne.

Masu niyyar saye, ku matso. Akwai mai shiga shafin Microsoft ya biya da katin banki kai tsaye. Ba laifi. Sai dai ku tuna yadda bankuna suka toshe biyan waje da katin naira a 2022, sai a 2025 suka fara sakewa. Ranar da kati ya ƙi, rigar wa za ka kama? Ta Bill Gates?

Ni dai na fi son dillalin da Microsoft ta amince masa, mai karɓar naira ya ba da rasit, wanda in ta kama za ka bi ta Zuba ka tarar da shi a ofishinsa a Abuja. Amma buɗe ido. In ka ɗauki Microsoft 365, wato Office na haya, na shekara, kwana 7 gare ka ka fasa. Bayan nan biya ya hau kanka, an yi ciniki ko ba a yi ba. Na wata-wata ya fi tsada da kashi 20 cikin ɗari, amma ƙarshen wata kana iya cewa sai anjima. Kuma a buɗe asusun da sunan shagonka, kalmar sirri a hannunka. Kada ka gina gida, takardar fili tana aljihun dillali.

"Ai na ga lambar lasisi a intanet da 'yan canji!" Ka gani, ranka ya daɗe. Galibi ta wani kamfani ce ko wata makaranta aka ɓalla ana sayarwa. Ranar da aka rufe ta, wayar mai sayarwar a kashe take.

Mai ƙin haya kuma, akwai Office 2024, biya ɗaya, kwamfuta ɗaya. Wanda ya rungume Office 2016 ko 2019, Microsoft ta daina aiko masa gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025.

In kuwa ka rantse ko sisi ba za ka biya ba, ba sai ka yi sata ba. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel. Data kawai zai ci maka.