Masu Iyo da Masu Gadin Takalma

Masu ba da labarin wuraren wanka na ban mamaki a duniya ruwa kawai suke yabo. Za su ce Wikki na Yankari ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, kuma garau yake har kana hango yashin ƙasa. Za su kawo Tekun Gishiri na ƙasar Jodan, wanda gishirinsa ya ninka na sauran tekuna kusan sau 10, mutum ya kwanta a kai ya ƙi nutsewa. Ba sa manta kududdufin nan na leɓen magangarar ruwa ta Biktoriya a Zambiya, inda masu neman suna ke jiƙa jiki da taku ɗaya tsakaninsu da rami mai zurfin mita 100. A ganina sun bar babban abin kallo, wato mutanen bakin ruwa. Can ne ake tilasta wa mutum ya tuɓe babbar riga da hula, ya ajiye muƙaminsa a kan dutse, halinsa ya fito fili. Mutumin Mubi ba ya buƙatar biza don ganin wannan, kogin Yedzaram da ya gangaro daga duwatsu ya ratsa gari ya ishe shi.

Wanda za ka fara jin muryarsa shi ne gwanin baki. Yana tsaye a gaɓa, hannu a baya, yana gyara wa yara bugun ƙafa. Shi fa ya taɓa ratsa Binuwai a Yola cikin watan Agusta, kuma duk shekara kogin na ƙara faɗi a labarin. Da an ce, "Baffa, bismilla mana," sai mura ta taso, ko ya tuna bai jima da cin tuwo ba, ko ya ce wannan ɗan ruwan bai kai ya jiƙa wandonsa ba. Kusa da shi akwai mai gadin kaya, wanda tun ba a roƙe shi ba yake cewa, "Ku je, ni zan duba muku." Kafin la'asar ya tara wayoyi a cinya, huluna uku a kai, agogon wani a kowane hannu, ya jera takalma ƙafa da ƙafa kamar mai tireda a kasuwa. Ya san wanda budurwa ta kira, ya san wanda mai bin bashi ya kira, kuma zai ba da rahoto ba tare da an tambaya ba. Ɗan hoto kuwa, galibi ɗalibin kwalejin kimiyya ne ko na jami'ar jiha, iyakarsa idon sawu. Ya yayyafa ruwa a gashi, ya ɗauki hoto, Facebook ta sha labari.

Sai mai labarin aljanu. Kowane gurbi mai zurfi yana da 'yar ruwa mai dogon gashi a wurinsa, kuma ya san wanda ya san wanda ya gan ta. Abin dariyar, da ya gama tsorata jama'a zai tura babur ɗinsa cikin ruwan nan ya wanke tas. Ɗan'uwansa mai wanki bai ma san ana kallon ruwa ba, famfo ne na kyauta ya samu. Ka kai shi Tekun Gishiri, ƙorafinsa ɗaya: sabulu ba ya kumfa.

Wani zai ce ina Yedzaram ina Wikki, kogin da ke jajir da laka da damina, da rani kuma ya koma yashi ana tona rami kafin a sami na wanki? Gaskiya ne, amma hujjar tana gefena. Wikki bai kai mita 2 zurfi ba, ruwansa ɗumi ne, ba shi da ambaliya, duk wani uzuri ya faɗi, amma je ka gani: gwanin baki na nan a kan matakala yana ba da umarni. Kyan ruwa bai taɓa sauya masa hali ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa zolayar wanda ya ƙi shiga rashin adalci ne, tunda shi ne mai hankali. Wannan kam na sallama rabi. Ruwan da ke kwance a gurabe yana ɗauke da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya, kuma mai gadin takalma ba ya komawa gida da fitsarin jini. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gwani na gaske, yaron da ba ya surutu, wanda ke tsalle cikin kogi don ya san ya iya. Ruwan dutse ba ya sallama: a yi ruwa a kan duwatsun Mandara, cikin gari ko ɗigo babu, sai kogi ya taso da itace da duwatsu. Iyaye, in kun hango hadari a kan duwatsun, ku hana yara gangarawa, kuma yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, tsargiya tana da magani.